Zabuwar da Inna Ta Zana

Na manta abubuwa da yawa na shekarata ta ƙarshe a jami'a, har da rabin abin da aka koya mana a aji. Amma abin da ya faru tsakanina da kakata a daminar wannan shekarar, ko na tsufa har na fara neman hulata tana bisa kaina, ba na jin zai bar raina. Duk sanda ya faɗo mini sai in kama dariya ni kaɗai, har maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya.

Ni bahago ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Ƙauyenmu yana ƙasar Tofa, irin garuruwan nan da gona ke manne da bayan katanga, kana fitowa daga zaure ka faɗa cikin gero. Mai mulkin gidanmu ba babanmu ba ne, mahaifiyarsa ce, wadda dukanmu muke kira Inna. Tsohuwa ce 'yar firit, ga baki ga ido, babu abin da ke wucewa a tsakar gida ba ta gani ba. A duniya ban san abin da ta tsana kamar ta ga yaro yana aiki da hagu ba. Cin abinci da gaisuwa da karɓar abu, wannan kowa ya san da dama ake yi, ni ma ban taɓa musu ba. Amma Inna ba ta tsaya nan ba. Rubutu, shara, jifa, riƙon fartanya, har sosa ƙeya, a wurinta duk sai da dama. Ina yaro na sha ranƙwashi har kaina ya saba. Makarantar kwana ce ta cece ni, don a can babu wanda ya damu da hannun da na riƙe biro.

Da na girma sai faɗanmu ya koma wasan kaka da jika. Ita ta ce ni ne mijinta da ba ya cefane, ni kuma in ce ai na sake ta tun bara, ita ce ta ƙi kwashe kayanta. In na shigo gida ba ta tsokane ni ba, sai in tambayi matan gida ko jikin nata ne.

To a wannan shekarar na dawo hutu na tarar yaƙin ya koma kan 'yar wana, yarinyar da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ni ta gado. Kullum da safe Inna za ta zaunar da ita, ta dunƙule mata hannun hagu, ta naɗe shi da wani tsohon kallabi ta ƙulle a wuyan hannu, ba a kwancewa sai za a yi mata wanka ko za ta kwanta barcin dare. Yarinyar da na bari tana cika mana tsakar gida da zanen kaji da motoci, wadda surutunta ba ya barin kowa ya ji rediyo, sai na same ta ta yi tsit. Rubutunta da dama ya ƙi miƙewa, malaminsu yana dukanta, 'yan ajinsu suna kiranta mai dungu. Har ta fara ƙirƙiro ciwon ciki duk ranar da akwai makaranta. Uwarta sai dai ta shiga ɗaki ta yi kuka, wana yana ta cewa a yi haƙuri, babanmu kuwa in Inna ta faɗi magana, to ta zauna. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don na san abin da yarinyar take ji, kuma ina ganin in aka ci gaba a haka za ta tsani karatu gaba ɗaya. Na yi wa Inna magana cikin wasa ta mayar mini cikin wasa. Na yi mata da gaske, ta ce in je in haifi nawa.

Ban dawo hutun hannu rabbana ba. Na zo da aikin da zan gabatar kafin a ba ni digiri. Kimiyyar kwamfuta nake karantawa, kuma burina shi ne manomin da bai yi boko ba ya iya amfani da na'ura ba sai ya roƙi ɗan wani ya danna masa ba. Na'urar mai faɗi ce kamar ƙaramin allo. In ka zana akuya da yatsa a fuskarta, sai ta ce, "Wannan akuya ce," ta kawo maka bayanin kiwon awaki da Hausa. In ka zana fartanya ta kawo na noma. Tana da kyamara kuma, ka kaɗa mata hannu ta wuce gaba, ka dunƙule ta tsaya. Muryar da take magana da ita tawa ce, ni na naɗa. A littattafan da muka karanta, ware mata yatsu biyar ake yi in ana so ta tsaya, amma wannan tun ina makaranta a Kano na cire shi. Ban shirya a ce ɗan gidan wane ya kawo injin da ba ya aiki sai an yi masa daƙuwa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tara mutanen gida a gindin darbejiya, ina ta hura hanci. Na zana akuya ta gane, na zana buta ta gane, na kaɗa hannu hoto ya wuce. Mata suka riƙe baki. Sai wana ya karɓa. Ya zana akuyarsa tsaf har da gemu, na'ura ta ɗan yi jim sannan ta ce masa kujera ce. Ya shiga kaɗa mata hannu kamar mai korar ƙuda daga kan fura, ko gezau. Babanmu ya zana fartanya, abin da ya tashi da shi a kafaɗa tun ba a haife mu ba, ta ce masa ludayi ne. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya fita zaure. Daga nan Inna ta ce a miƙo mata. Ta sa yatsan dama tana ja a hankali, hannun yana ɗan rawa, ta yi wani abu da ta ce kaza ce. Muryata ta fito tar ta ce mata buta ce.

"Ba abin mamaki ba ne," in ji Inna. "Mai ita ma bai san kaza ba sai a cikin miya."

Aka watse ana dariya, aka bar ni ina gumi. Na duba duk inda zan duba ban ga abin da ya lalace ba. Sai da yamma, an kwance wa yarinyar hannu za a yi mata wanka, ta faki idon uwarta ta zo inda nake zaune. Ta sa yatsan hagu ta zana kaza. Na'ura ta gane. Ta kaɗa hannu, hoto ya wuce. Nan take na dafe kai.

Irin wannan na'ura ba da saninta ake ƙera ta ba, koya mata ake yi. Za ka yi ta zana mata abu ɗaya, ka yi ta kaɗa mata hannu, har ta riƙe. Kuma tawa ba siffar zanen kaɗai take dubawa ba, har da inda yatsa ya faro da inda ya nufa. Ni kuwa saboda ƙyuya ban nemi kowa ya taya ni ba. Ni kaɗai na koya mata komai a ɗakina na makaranta, da hannuna na hagu. Bahago daga dama yake jawo layinsa, in zai yi da'ira ma juyawarsa daban take da ta sauran mutane. Wato dai na zauna na ƙera na'urar da ba ta san akwai masu dama a duniya ba.

Da na yi wa mutanen gida bayani, Inna ta tafa hannu ta ce ta ga ta kanta, biyu ba su ishe ta ba an kawo mata bahaguwa ta uku. Ta sa aka sake ɗaure yarinyar, ta kuma kafa doka kada ta ƙara ganinta kusa da na'urar.

A ɗakin Inna kaɗai ake da wutar sola, wadda babanmu ya sa mata saboda fanka, don haka can nake barin na'urar tana caji in mun tafi gona. Lokacin maimai ne, da hantsi gidan yakan yi shiru, maza suna gona, yara suna makaranta, mata kowace tana sashenta. Wata rana ƙotar fartanyata ta karye, na dawo gida in ɗauki wata. Ina shiga tsakar gida sai na ji muryata daga ɗakin Inna tana cewa wannan ludayi ne. Na tsaya cak. Ta sake cewa wannan akuya ce. Raina ya ba ni yarinyar ce ta gudo daga makaranta, sai na lallaɓa na leƙa ta gefen asabari don in kore ta kafin a kama ta.

Ashe Inna ce. Tana zaune a bakin gado, na'ura a cinyarta, ta tallafe ta da dama, yatsan hagu yana yawo a kanta kamar ba hannun tsohuwa ba. Kafin ka ce me, kaza ta fito har da zankonta, na'ura ta gane. Ta ɗaga hagun ta kaɗa, hoto ya wuce, ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Tun da nake da ita ban taɓa ganin wannan fuskar tata ba. Can sai ta zana wata tsuntsuwa mai ƙusumbin baya da ɗan ƙaramin kai, ta bi jikinta da ɗigo-ɗigo. Ban koya wa na'urar wannan ba, don haka ta ce kaza ce.

"Kaza a gidan uban wa?" in ji Inna. "Zabuwa ce. Buɗe idonki ki gani."

Ta share ta sake zanawa, na'ura ta nace kaza ce, Inna ta ja tsaki ta ce hali ɗaya da mai ita. Na ja da baya a kan yatsun ƙafa, na koma gona ba fartanya. Wana ya tambaye ni ina abin da na je ɗaukowa, sai na zauna a gindin gawo ina dariya har da hawaye. Ya ce wa babanmu yana jin bokon nan ya fara taɓa ni.

Da mai hankali ne ya ga abin da na gani, da ya sami tsohuwa su biyu ya yi mata magana a natse. Ni kuwa jika ne, kuma na daɗe ina jiran ranar da zan rama ranƙwashi. Da la'asar na ɗauki na'urar na shige zaure, na yi ta zana mata zabuwa irin ta Inna, da ƙusumbinta da ɗigonta, har ta riƙe. Sannan na gyara murya na naɗa mata abin da za ta faɗa in ta gan ta. Na mayar da ita caji kamar ban yi komai ba.

Washegari na bi su gona, da hantsi ya yi na ce zan je in sha magani, na zagayo ta baya na laɓe a bayan rumbun da ke kusa da tagar Inna. Abin da ban sani ba shi ne yarinyar ta tashi da ciwon cikinta na makaranta, kuma ranar an ƙyale ta. Inna ta shimfiɗa mata tabarma a ƙuryar ɗaki, yarinyar ta juya wa bango fuska, tsohuwa ta ɗauka barci take.

Na ji an gane kaza. Na ji an gane buta. Aka ɗan yi shiru, na san ana ɗiga ɗigo ne, na cusa hannun rigata a baki. Sai muryata ta fito, da ladabi kamar ta mai gaida surukai: "Wannan zabuwa ce. Sannu da aiki, Inna. Ashe ke ma tamu ce."

Na ji Inna ta saki salati, na ji na'ura ta faɗa kan katifa. Cikina har ciwo yake don dariyar da nake dannewa. Ina cikin haka sai na ji wata 'yar siririyar murya daga ƙuryar ɗaki.

"Inna, ke ma?"

Nan take na daina dariya. Ni na shirya wasan ne tsakanina da Inna, ba na so kowa ya ji, balle yarinyar da take ɗaure wa hannu kullum. Can Inna ta yi magana, ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ce na bayan rumbu ya shigo. Har yau ban san yadda aka yi ta san ina nan ba.

Ina sa kai ta cafke mini kunne, kuma da hagu ta cafke shi. Jama'a, duk dukan da Inna ta yi mini a rayuwa da dama ta yi shi, ashe rangwame nake samu ban sani ba. Ta murɗa har sai da na durƙusa, ƙato da ni, ɗan jami'a, ina cewa na tuba. Ta ce ba tuba take nema ba, kunnen take so ta tafi da shi. Yarinyar tana zaune a tabarma ta ware ido, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Da ta gaji ta sake ni, ta koma bakin gado ta zauna. Ta daɗe tana kallon hannun nata. Sannan ta juya mana bayansa, ta nuna wani tabo mai sheƙi wanda duk mun san shi, mun kuma ɗauka ƙunar murhu ce irin ta kowace mace. Ta ce ba murhu ba ne. A hannun gwaggonta ta tashi, ita ma an ɗaure ta, da igiya ma ba da kallabi ba. Ranar da aka kama ta tana tuƙa tuwo da hagu, muciyar aka zaro daga tukunya aka ɗora mata a nan. Bayan an kawo ta gidan nan kuma, uwar mijinta ta taɓa shigowa ta same ta tana kwasar tuwo da hagu, ta sa aka juye wa awaki tukunyar gaba ɗaya a gaban matan gida, aka daɗe ana yi da ita a bakin rijiya. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari babu jininta da za a yi wa wannan wulaƙanci.

"Kuna gani kamar ƙinku nake," ta ce. "Gara ni in ɗaure da kallabi, da wani ya ɗaure da wuta."

Tausayinta ya kama ni, ga kunya. Yarinyar ce ta taso ta zo gabanta, ta ɗora dunƙulallen hannunta a kan tabon, tana dubawa kamar mai son ta gane ko har yanzu yana zafi.

"Inna, da aka ƙona miki, ya daina?"

Inna ta dubi katifa, inda zabuwarta ke nan a fuskar na'ura, kyakkyawa, babu ɗigon da ya kauce.

"Bai daina ba," ta ce. "Ɓuya kawai ya koya."

Ta jawo hannun yarinyar ta fara kwance ƙullin. Ya ɗaure tamau, sai da ta sa haƙori. Da ya buɗe ta mulmula mata yatsun ɗaya bayan ɗaya, sun yi gumi sun yi fari. Sannan ta dawo Innar da muka sani, ta shiga kafa sharuɗɗa. Ci da sha da gaisuwa da miƙa wa babba abu, da dama, in ta ga an saɓa za a ji a jiki. Rubutu da zane da shara kuwa, a je a yi da duk hannun da Allah ya ba mutum. Abin da ya faru a ɗakin nan kuma, in ta ji shi a bakin kowa, ta san kunnen da za ta nema.

Da yamma, bayan kowa ya dawo, ta fito tsakar gida ta yi sanarwa. Ta ce ta duba ta ga yarinyar nan taurin kai gare ta irin na ƙanin ubanta, kallabinta kawai ake kashe mata a banza, don haka ta fasa. Ta umarci wana ya je ya gaya wa malamin makaranta, in ya sake dukan yarinya a kan hannu, to ita da kanta za ta zo ajin. Uwar yarinyar ta shige ɗaki da sauri don kada a ga hawayenta. Babanmu ya dubi Inna, ya dube ni da kunnena da ya kumbura ya yi ja, ya buɗe baki kamar zai yi tambaya, sai kawai ya ce, "To, Inna."

Ni ban tsira haka ba. Sauran hutun gaba ɗaya ni ne mai yanko wa awakinta ciyawa, ni ne mai jawo mata ruwa, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce mijin nata ne ya shiryu. Tsakanin ciyawa da rijiya na riƙa bin gida-gida da na'urar ina roƙon mutane su zana mata akuya su kaɗa mata hannu, maza da mata, tsofaffi da yara, har ta koyi dama kamar yadda ta san hagu. Ranar da ta gane fartanyar babanmu, ya fi ni murna. Kafin in koma Kano, tsakar gidanmu ta sake cika da zanen kaji, ciwon ciki ya warke ba magani, surutu ya dawo har muka fara tunanin ko mun yi kuskure.

Inna ba ta taɓa yin aiki da hagu a gaban mutane ba har ta koma ga Allah. Na riƙe mata sirrin, yarinyar ma ta riƙe. Yanzu da nake faɗa, da izininta ne, don a ciwonta na ƙarshe ta ce mini in ta tafi in faɗa wa wanda na ga dama, lokacin kunnena ya fita daga hannunta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Abin da na koya ya fi abin da na je nema. Na yi shekaru ina ganin Inna a matsayin mai zalunci, ashe abin da aka koya mata kawai take maimaitawa, da niyyar kare mu. Ni kuma da nake ganin laifinta, ranar farko da aka ba ni wani abu in koya masa, sai na koya masa hannuna kaɗai, ya tashi yana ƙaryata kowa. Tun daga lokacin, in na ga mutum yana yin abu ba yadda na saba ba, har bakina ya buɗe zan ce ba daidai ba ne, nakan tsaya in tambayi kaina tukuna: laifi ne da gaske, ko kuwa ni ne ba a taɓa nuna mini irinsa ba?